Dattijon da nake kula da shi yana ɓoye maganin HIV, ya daina shiga mutane. Me zan yi?

Wata baiwar Allah mazauniyar Bronx a birnin New York, wadda ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta aiko da tambaya. Wata biyar ke nan da aka haɗa ta da wani dattijo ɗan ƙasar Sin, mutumin lardin Fujian, ya ba saba'in baya. Ya shigo Amurka a farkon shekarun 1990, ƙarfinsa ya ƙare a kicin ɗin gidajen abinci, matarsa ta rasu, yanzu shi kaɗai yake kwana yake tashi. Yana ɗauke da HIV kuma yana shan magani, amma a kwalbar bitamin yake juye ƙwayoyin. Kwanonsa da tsinkayen cin abincinsa daban yake ajiye su, ko ɗansa ya zo da jikoki ba ya sa hannu a abinci tare da su. Ya daina zuwa inda tsofaffi 'yan'uwansa ke taruwa. Ya roƙe ta kada ɗan ya ji. Tana tambaya: me zai sa mutum ya kulle kansa haka alhali likita ya ce jikinsa lafiya lau? Ta gaya wa ɗan ne ko ta yi shiru? Ita kuma akwai abin da za ta ji wa tsoro?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu wannan cuta, kuma irin Baban nan naki sun sha wucewa ta hannuna: Sinawa, 'yan Koriya, 'yan Filifin, 'yan Biyetnam, 'yan Bangaladash. Bari in fara da tambayoyinki biyu na ƙarshe, don su amsarsu a fili take.

Kada ki gaya wa ɗan. Jihar New York tana da dokar rufa asirin masu HIV tun ƙarshen shekarun 1980, wadda ake kira sashe na 27-F na dokar lafiyar jama'a, kuma ta hau kan duk wanda ya san halin mutum ta hanyar aikin kula da shi. Kina iya rasa aikinki a kan haka. Ko da babu doka ma, amana ce ya ba ki, kuma ranar da ya gane kin fasa ƙwan, ke da shi kun gama, watakila ma ya daina yarda da duk mai shigowa ɗakinsa da sunan taimako.

Ke kuma ki kwantar da hankalinki. Ba a ɗaukar wannan ƙwaya ta kwano ko kofi ko banɗaki ko wankin kaya, ba a ɗauka ta yawu ko gumi ko tari. Inda akwai jini ko ciwo a buɗe ki sa safar hannu, yadda za ki yi wa kowane majinyaci. In allurar da aka yi masa amfani da ita ta soke ki, ki nufi asibiti nan take, akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72 ta cika. Iyakar abin ke nan.

Sauran tambayar ita ce mai nauyi. Ki ajiye abin da likita ya sani yau, ki koma kan abin da Baba ya sani ranar da ya fara jin sunan cutar. Kafin 1996 duk wanda aka ce yana da ita, ana lissafa masa kwanaki ne. A shekarar ce haɗin magunguna uku ya zo ya juya lamarin, har ta kai yau fiye da rabin masu ɗauke da ita a Amurka sun kai shekara hamsin ko sun wuce. Sai dai wannan albishir da Turanci ya zo, a jarida da talabijin, lokacin da Baba yake tsaye gaban murhu tun safe har dare. Abin da ya iso kunnensa shi ne wancan na farko: cutar baƙi ce, cutar lalatattu, ba ta da magani. Mu ma ai sunan da muka raɗa mata, ƙanjamau, hoton wancan zamanin ne na mutum ya ƙanjame ya zama ƙashi, kuma har yau sunan yana tsorata mutane fiye da yadda cutar take a yanzu.

Ga kuma abin da ya shafi baƙo shi kaɗai. Daga 1987 har zuwa Janairun 2010 dokar Amurka ta hana mai HIV shigowa ƙasar, kuma duk mai neman takardar zama ta dindindin sai an gwada jininsa. Ƙasar Sin ma sai a Afrilun 2010 ta ɗage irin wannan takunkumi a kan baƙi. Shekara ashirin da 'yan kai mutum yana ganin cewa in sunan cutar nan ya hau takardarka, zamanka ya ƙare, bashin da ka ci ka biya masu fito da kai ya tashi a banza. An soke dokar, amma ba wanda ya bi su kicin-kicin ya shaida musu, kuma tsoron da ya shekara ashirin a ƙirji ba ya fita da sanarwar gwamnati.

Sai batun fuska. Sinawa suna cewa mianzi, wato fuskar da mutum yake fita da ita cikin jama'a. 'Yan Filifin suna da hiya, mutanen Indiya da Pakistan kuma kullum tambayarsu ita ce mutane me za su ce. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, mun san kunya, mun san mutunci, mun san addu'ar Allah ya rufa asiri. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a wurin Baba fuskar nan ba tasa ba ce shi kaɗai, ta gidan ce gaba ɗaya. In ta zube, ta zube wa ɗansa a wurin sana'a, ta zube wa jikarsa ranar da za a zo neman aurenta, ta zube wa iyayensa da ke kwance a ƙauye. Kuma a tarbiyyar da ya tashi a ciki, uba shi ne mai gyara wa ɗa, shi ake kallo. Ya zai zauna gaban yaron da ya haifa ya faɗi abin da zai sa yaron ya fara tunanin ta ina ya samo? Wasu kuma, musamman masu bin addinin Buda da al'adun gargajiya, suna ɗaukar ciwon a matsayin sakayyar abin da suka aikata, abin da mu za mu kira alhaki. Mai irin wannan tunani ba ya ganin ya cancanci a ji tausayinsa. Don haka in kin ga ya kulle kansa, ba taurin kai ba ne. A lissafinsa kare iyalinsa yake yi, kuma shirun nan shi ne abu na ƙarshe da yake ganin zai iya yi musu.

Birnin New York yana da girma, amma duniyar Baba ƙarama ce. Mutanen Fujian sun taru ne a East Broadway da Sunset Park da Flushing, suna da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, mai kantin magani ɗan ƙauyensu ne, mai karɓar baƙi a asibitin unguwa ɗiyar abokinsa ce. Magana in ta fita da safe, kafin dare ta isa ƙauye ta WeChat, manhajar hira ta waya da Sinawa suke amfani da ita. Ke da kika san zaman zango ba sai na ƙara ba. Na san majinyatan da suke hawa jirgin ƙasa na awa guda su zo wurinmu, alhali akwai asibiti a bakin layinsu da ake jin yarensu, don kawai kada a gan su. Majalisar tsofaffin da ya daina zuwa kuwa, ki tuna hirar tsofaffi rabinta ta ciwo ce. Wannan ya fito da maganin hawan jini, wancan na suga, a juyo a ce kai fa, me kake sha, wane likita kake gani, me ya kwantar da kai bara? Ƙarya kullum tana da gajiyarwa. Sai mutum ya ga zaman ɗaki ya fi masa sauƙi.

Harshe ma katanga ce mai zaman kanta. Yaren Fuzhou, babban birnin lardin Fujian, daban yake da Mandarin, harshen hukuma na ƙasar Sin, daban da Kantonis, kuma tsoho da bai yi zurfi a makaranta ba yana iya jin Mandarin sama-sama kawai. Tafinta in ɗan unguwa ne, ana tsoronsa. In ɗan cikinka ne, ya fi muni. Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Ya ɗauki shekaru yana zuwa, tafintan da muke kira masa mutumin yankinsu ne, duk abin da aka tambaye shi sai ya ce lafiya, babu komai. Wata rana tafintan bai zo ba, muka kira na waya, wata murya daga wata jiha can da ba ta san sunansa ba. Muka gama, na ce ko akwai tambaya. Ya yi shiru yana juya hularsa a cinya, ya kalli ƙofa, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Matar ta fassara: yana tambaya ko zai iya ɗaukar jikansa. Yaron ya kusa shekara uku, bai taɓa ɗora shi a cinya ba. Duk tsawon lokacin nan gwajin jininsa yana nuna ƙwayar ta kwanta har ba a iya ganinta, mu muna murna da lambobi a kwamfuta, shi kuma yana zaune nesa da jaririn gidansa. Laifin namu ne, don ba mu taɓa faɗa masa ta hanyar da za ta shiga ba.

Yawancin irinsu kuma a makare ake gano cutar. Shawarar da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar a 2006 ta ce a riƙa gwada kowa daga shekara 13 zuwa 64, wato wanda ya haura haka ba ya cikin lissafi, sai a 2016 jihar New York ta cire wannan iyaka ta sama. 'Yan Asiya kuma kusan kashi 2 ne cikin ɗari na sababbin da ake ganowa a Amurka, sai likitoci suka saba ba sa kawo abin a ransu. Tsoho ya zo da rama, da gajiya, da farin baki, da mantuwa, a ce tsufa ne. Sai ciwon huhu ya kwantar da shi tukuna a yi gwajin. Wanda ya fara jin sunan cutarsa yana kan gado da robar iska a hanci, da wuya ya yarda daga baya cewa ciwo ne da ake zama da shi kamar suga.

Ta ina ya samu? Kada ki tambaya, kuma kada ki bar zuciyarki ta yi ta saƙa. Alkaluman CDC sun nuna mafi yawan maza 'yan Asiya da ake ganowa a Amurka ta saduwa da maza suka ɗauka, kuma cikin tsofaffi akwai masu aure da 'ya'ya da suka ɓoye wannan ɓangare na rayuwarsu har furfura. Akwai waɗanda suka yi shekara goma ko fiye matansu suna gida su suna nan. Akwai waɗanda allura ko jini ne: a lardin Henan a shekarun 1990 ƙauyuka sun kamu ta hanyar sayar da ruwan jini, a ƙauyen Roka na Kambodiya a 2014 mutum fiye da 200 suka kamu, har da tsofaffi, daga allurar wani mai magani marar lasisi. Na kawo waɗannan ne don ki ga hanyoyin suna da yawa, ba don a raba majinyata gida biyu, masu laifi da marasa laifi ba. Wannan rabon shi ne ainihin abin da ya kulle Baba a ɗaki. Aikinki da nawa ɗaya ne ko ta ina ta zo.

Kwanon nan da kika ambata shi ya fi tsaya mini a rai. Sinawa a tsakiyar tebur suke ajiye abinci, kowa ya miƙa tsinkensa cikin faranti ɗaya, kamar yadda muke haɗa hannu a kwanon tuwo. Gaisuwarsu ta yau da kullum ma ita ce, ka ci abinci? Sun kuma daɗe da tsoron ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarsu, har aka saba ware wa mai shi kwano, duk da shi ma ba ta abinci ake ɗauka ba. To mutumin da ya ware wa kansa kwano ya fitar da kansa daga gidan ke nan, ba tare da kowa ya kore shi ba. Kuma kaɗaici ciwo ne na gaske. Babban likitan gwamnatin Amurka na wancan lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a 2023 inda ya kwatanta illarsa da shan sigari har kara 15 a rana. A wurin mai HIV abin ya fi haka, don wanda ba shi da mai tambayarsa ya kwana, shi ne yake fara tsallake magani, ya fasa zuwa ganin likita, ya faɗi a banɗaki a kwana biyu ba a sani ba. Lokacin korona kuma ya ƙara dagula lamarin, da aka riƙa kai wa tsofaffin Asiya hari a titi, har aka kashe Vicha Ratanapakdee, ɗan Tailan mai shekara 84, a San Francisco a Janairun 2021. Da yawa tun lokacin ba su koma fita yadda suka saba ba.

Abin da za ki iya yi ya fi ƙarfin abin da nake iya yi, don ni minti ashirin nake ganinsu bayan wata uku, ke kuwa kina cikin ɗakin. Ki sha shayi tare da shi. Na san akwai batun naman alade, ba na ce ki ci girkinsa ba. Shayi ya isa, ko ki ɓare lemo ki ba shi rabi ki ci rabi. Ki haɗa kofinsa da naki ki wanke a ruwa ɗaya yana kallo. Kada ki sa safar hannu don miƙa masa abinci ko riƙe hannunsa zuwa banɗaki, yana lura da wannan fiye da yadda kike zato. Kada ki yi masa lacca. Ranar farko zai iya janye kofin, ki ƙyale shi, gobe ki sake. Abin da ido ya gani sau goma ya fi takardar asibiti shiga zuciyar tsoho.

Kwalbar bitamin kuwa, ki bar masa ita in da ita hankalinsa yake kwanciya, amma akwai haɗarin da ya kamata nas ɗin da ke sa ido a kan aikinki ta sani. In ya faɗi aka kwashe shi zuwa asibitin da ba su san shi ba, ba wanda zai san me yake sha. Ƙaramar takarda a walat ɗinsa mai sunan ƙwayar kaɗai, ba sunan cutar ba, tana maganin wannan. Na biyu, magungunan da aka fi bayarwa yanzu, masu ɗauke da dolutegravir ko bictegravir, ba sa shiga jiki sosai in an haɗiye su tare da ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini ko maganin gyambon ciki, kuma tsofaffi suna yawan shan waɗannan. Akwai tsarin tazara da mai haɗa magani zai faɗa. Haka saiwoyi da ganyayen da ake saye a kantunan gargajiya na unguwarsu, ki ɗauki hotonsu a nuna wa likita, ba don a hana shi ba, don a duba. Na uku, in yana da ciwon hanta nau'in B, maganin tenofovir da ke cikin da yawa daga ƙwayoyin HIV shi ke danne duka biyun, in ya daina sha kwatsam hanta tana iya tashi da ƙarfi. Wannan ma ya shafi allurar nan da ake yi duk wata biyu maimakon ƙwaya. Tana yi wa masu ɓoyo daɗi don babu kwalba a gida, amma ba ta taɓa ciwon hanta, don haka ba kowa ta dace da shi ba.

Ki shaida wa nas ɗin cewa ya daina fita, don ita tana cikin waɗanda suka riga suka sani. Ki nemi a sama masa tafintan waya na yaren Fuzhou, wanda ba ɗan unguwa ba, haƙƙinsa ne kuma ba ya biyan ko sisi. A wannan zaman likita ya faɗa masa dalla-dalla cewa kwano da runguma ba su taɓa zama hanya ba, kuma wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa ko ta saduwa ba ya sa wa wani. Akwai cibiyar Apicha, wadda 'yan Asiya suka kafa a 1989 saboda wannan matsala, akwai kuma jami'an jin daɗin majinyata da shirin Ryan White, na gwamnatin Amurka mai tallafa wa masu HIV, yake ɗaukar nauyinsu tun 1990. Wani tsohon yana son zuwa inda ake jin yarensa, wani kuma can ne ba zai taka ba ko da kuɗi. A tambaye shi. Ba taro muke nema masa ba, yawancinsu ba za su zauna a da'ira su ba da labarinsu ba. Mutum ɗaya sa'ansa mai irin ciwon, wanda za su riƙa gaisawa a waya, yana canza abubuwa da yawa.

Ki kuma sa kunne. Tsofaffin Asiya ba kasafai suke cewa raina a ɓace yake ba, sai dai su ce barci ba ya zuwa, ƙirji ya yi nauyi, abinci ba ya ciyuwa. In kin ji yana cewa ya zama kaya, ko gara ya bi matarsa, ko kin ga yana rabar da kayansa, ko ƙwayoyin ba sa raguwa a kwalba, kada ki jira gobe. Ki kira nas a ranar. Lambar waya ta 988, ta agajin masu tunanin kashe kansu, tana aiki dare da rana kuma suna haɗa mutum da tafinta.

Ra'ayina game da ɗan, tunda kin tambaya: ya kamata wata rana ya sani, amma daga bakin ubansa, a lokacin da uban ya zaɓa, likita yana zaune a wurin don amsa tambayoyin da za su biyo baya. Dalilin da ya fi shiga kunnen tsofaffi shi ne na wakilci. Akwai takardar da mutum yake cikewa ya naɗa wanda zai yanke masa shawarar jinya in ya kasa magana, kuma in ɗan ne zai riƙe wannan, gara ya ji a zaune cikin natsuwa da ya ji a tsaye a barandar asibiti. Na ga inda aka faɗa aka sha kuka aka rungumi juna. Na ga kuma inda suruka ta ɗauke yara ta hana su zuwa wata da watanni. Shi ya sa ba na tura kowa, kuma Baba ya fi mu sanin gidansa. Abin da nake yawan tuna musu shi ne, ɗan yana ganin kwanon nan shi ma, kuma yana fassara shi yadda ya iya. Wataƙila yana zaton uban yana fushi da shi ne, ko yana ƙyamar girkin matarsa.

In ɗan ya tare ki a bakin ƙofa ya ce me ke damun mahaifina, kada ki yi ƙarya, kada kuma ki faɗa. Ki ce masa maganar lafiyar Baba tsakaninsa da likitansa ce, aikinki bai ba ki damar shiga ba, amma abin da kika gani da idonki shi ne duk ranar da suka zo da yaran, washegari ya fi cin abinci.